Gansakuka a Akwatin Kifin Makarantarmu

Bayan hutun Kirsimati da ya wuce, wani ɗan ekklesiyarmu da ke aiki a Kaduna ya zo makaranta da kyauta a bayan motarsa. Akwati ne na gilashi, mai cin ruwa kamar jarka uku, da ƙananan kifi takwas a cikin leda, da wasu tsire-tsire guda uku masu ganye kore shar, kowanne an ɗaure shi da zare a jikin ɗan dutse. Ya ce a nan ya koyi karatu, yana so ƙannensa su riƙa ganin aikin Allah da idonsu, ba a jikin allo kaɗai ba. Da zai tafi ya nuna tsire-tsiren ya ce, "Malamai, waɗannan kam ba su mutuwa, ko da kun manta da su." Muka yi godiya, muka yi addu'a, ya kama hanya.

To, ina za a ajiye akwatin? Dukanmu 'ya'yan manoma ne. A ƙasar Doguwa ko ƙaramin yaro ya san masarar da ta tsiro a gindin ɗorawa ba ta yin goyon kirki. Saboda haka ba mu tsaya wata doguwar shawara ba, muka kai shi bakin tagar gabas ta aji huɗu, inda rana ke dukansa tun daga fitowarta har wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Makon farko abin sai wanda ya gani. Yaran da a ke fama da su wajen makara su ne suka riƙa riga mu zuwa. Kowane kifi aka raɗa masa suna. A mako na biyu muka lura gilashin ya fara yin dishi-dishi. Kafin mako na huɗu ya ƙare ruwan ya koma kamar miyar kuka, ganyayen nan masu sheƙi kuwa sun yi ɗigo-ɗigon kore mai tauri, gefensu ya fito da wani baƙin gashi kamar gemun bunsuru. Gansakuka ta cinye akwatin.

Gyaran gangar auzinawa

Wata Asabar mu biyu muka zo da soso da garin sabulu. Muka kwashe kifin a bokiti, muka zubar da ruwan duka, muka wanke gilashi da tsakuwa da duwatsu har suna ƙyalli, muka goge ganye ɗaya ɗaya, muka cika akwatin da sabon ruwan rijiya mai sanyi, muka mai da kifin. Muka tafi gida muna yabon kanmu.

Ran Litinin da safe biyar daga cikin kifin nan takwas suna yawo a saman ruwa, ciki sama. Wata yarinya, wadda ita ce ta raɗa wa yawancinsu suna, ta kifa kai a benci tana kuka har aka tashi tara. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, ba a yi mako biyu ba gansakukar ta dawo yadda ta ke. Wajen gyaran gira mun rasa ido, girar ma ba ta gyaru ba.

Sai a lokacin muka yi abin da ya kamata mu fara yi, watau tambaya. Akwai wani dattijo a wata ekklesiya kusa da mu wanda ya yi aikin kiwon kifi a wajen Bagauda har ya yi ritaya. Muka je muka gaishe shi, muka kwashe labari muka faɗa masa. Bai yi mana dariya ba. Ya ce, "Malam, a ina kuka ajiye shi?" Muka ce bakin taga. Ya ce, "Wa ke ba su abinci?" Muka ce, "Baba, ai yara ne." Ya ce, "Yara nawa?" Nan muka yi shiru, gama yaran ajin sun fi arba'in, kuma da muka bincika daga baya muka tarar kusan kowa yana zuwa da ɗan abin da ya ɓoye a aljihu, wannan gutsuren ƙosai, wancan ɓawon burodi, wani ma har tuwon da ya kwana. Dattijon ya ce, "To, ba kifi kuka yi kiwo ba, gansakuka kuka yi kiwo. Kun ba ta rana, kun ba ta taki. Me kuma ta ke nema?"

Shi ne ya bayyana mana abin da ya kashe kifin. Sabulu, ko da ɗan kaɗan ne ya saura a tsakuwa, yana ɓata wurin numfashin kifi. Sa'an nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, suna zaune a jikin tsakuwa da duwatsu. Aikinsu shi ne su juya dafin da ke fita daga kashin kifi, wanda a ke kira amoniya, ya zama taki marar lahani sosai. Sukan ɗauki makonni kafin su yi yawa a sabon akwati. Mu kuwa a wuni guda muka wanke su tas. Ga kuma sabon ruwa mai sanyi da muka jefa kifin ciki farat ɗaya, a tsakiyar hunturu.

Mece ce gansakuka?

Mun saba ganinta a jikin randa, da bakin rijiya, da kwamin shanu, da duwatsun rafi inda ta kan kā da mai gaggawa. Amma ba abu guda ba ce. Iri-iri ne dubbai, kuma a akwatinmu kaɗai mun ƙirga huɗu: mai mai da ruwa kore, wadda ƙwayoyinta ke yawo a cikin ruwan, mai ɗigo-ɗigo da ke manne wa ganye da gilashi, mai zare-zare kamar gashin masara, da baƙar nan ta gefen ganye, wadda ta fi duka taurin kai. Ba ta da saiwa, ba ta da fure. Da dukan jikinta ta ke shan abinci daga ruwa. Ƙwayoyin irinta suna cikin ƙura, suna cikin ruwan rijiya, suna jikin ganyen da aka kawo. Ba wanda zai iya hana su shiga. Abin da mutum zai iya shi ne ya hana su samun abin da za su bunƙasa da shi.

Kada kuma mu ɗauke ta kayan Shaiɗan. Littafin Farawa ya nuna mana tsire-tsire sun riga kifi zuwa duniya, kuma da dalili. Masana sun ce kusan rabin iskar oksijin da a ke samarwa a duniya daga ƙananan gansakukan teku ta ke fitowa. 'Ya'yan karfasa da ita su ke girma. A ƙasar Kanem ta Chadi matan Kanembu suna kwasar wani iri daga tafkunan kanwa, su shanya shi a yashi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Laifin gansakuka ɗaya ne, ba ta san ya isa ba. In ta sami haske da taki da ɗumi, wani irin yakan ninka kansa cikin yini guda.

Taki kuwa da mu ke faɗi, shi ne dai wanda mu ke saye da tsada mu zuba wa masara. Lambobi ukun nan da ke jikin buhun NPK, na farko naitirojin ne, na biyu fosforas. Duk abincin da kifi ya ci ya fitar, da wanda bai ci ba ya ruɓe a ƙasa, waɗannan biyun ya ke sakewa cikin ruwa. A shekarar 1973 wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki a ƙasar Kanada gida biyu da labulen roba. Suka zuba wa ɓangarorin biyu naitirojin da abinci iri ɗaya, amma ɓangare guda suka ƙara masa fosforas. Wannan ɓangaren ya koma kore shar, ɗayan kuwa bai yi haka ba. Hoton tafkin nan ya taimaka wajen sa ƙasashe da yawa su rage fosforas a cikin sabulun wanki.

Tsiro mai tafiyar hawainiya

Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne, me ya sa ganyen tsiron ne ya fi shan wahala? Ai shi ma tsiro ne, shi ma yana son rana da taki.

Sunansa Anubiyas, kuma da muka bi asalinsa muka tarar ba baƙo ba ne can. Ɗan Afirka ta Yamma ne. Yana fitowa a rafukan kurmi na kudancin Nijeriya da Kamaru, a manne da duwatsu da kututture, ƙarƙashin manyan itatuwa inda rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo. Dangin gwaza ne, kuma abin mamaki, dangin kainuwa ne. Irin da ya fi yawa a akwatunan kifi na duniya yana ɗauke da sunan wani Bature mai tattara tsire-tsire, Charles Barter. Shi Barter yana cikin tafiyar da Likita Baikie ya jagoranta a kogin Kwara a 1857, cikin jirgin ruwa mai suna Dayspring, wanda ya bugi dutse ya fashe kusa da Jebba. A cikin jirgin nan har da Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864. Barter bai koma gida ba, ya mutu a Rabba a 1859, aka sa wa tsiron sunansa a shekarar da ta biyo. Da muka ba yara wannan labari suka riƙa duban tsiron da wani ido dabam.

Tsiron da ya saba da inuwar kurmi ba ya gaggawa. In ya ji daɗi yakan fitar da ganye ɗaya a wata, wani lokaci biyu. Kowane ganye kuwa yakan yi shekara ko fiye yana nan. Ku gwada shi da kainuwa, wadda ta kan rufe kududdufi cikin 'yan makonni, tana zubar da tsohon ganye tana fid da sabo kafin gansakuka ta sami wurin zama. Ganyen Anubiyas kamar dutse ya ke ga gansakuka, wuri ne shimfiɗaɗɗe da ba ya motsi, ba ya tafiya ko'ina. Sa'an nan cikinsa ƙarami ne. Ko ka ninka masa rana, ka ninka masa taki, ba zai ci fiye da abin da ya saba ba. Ragowar duka ta gansakuka ce. In ta rufe ganyen kuwa sai ta tare masa ɗan hasken da ya ke bukata, ya yi rawaya, ya mutu a hankali. Ashe ranar da muka ba shi don ƙauna, abokiyar gabansa muka ba.

Wani yaro da ya ji wannan bayani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamar irin da ya fāɗa cikin ƙaya ke nan." A makon nan ne suka yi misalin mai shuka a Makarantar Lahadi, daga Markus sura 4. Muka ce haka ne, sai dai a nan mu da kanmu muka yi wa ƙayar banruwa.

Abin da muka yi

Dattijon bai ba mu magani ko ɗaya ba. Abu na farko, ya ce a ɗauke akwatin daga taga. Muka mai da shi jikin bangon da ke nesa da ita, inda akwai hasken da mutum zai iya karatu amma rana ba ta taɓa gilashin. Wanda ke da fitilar lantarki ko ta sola a kan akwatinsa, awa shida zuwa takwas sun isa, kuma kada ta zama mai ƙarfi. Barin fitila a kunne dare da rana don kifi su yi kyau ga baƙi, wannan gayyatar gansakuka ce.

Saboda ruwan ya riga ya yi kore, muka lulluɓe akwatin da bargo kwana uku cif, ba leƙe, ba abinci, muka bar ɗan wurin shan iska a sama. Wannan ya fi komai wuya ga yara. Suna ta tambaya ko kifin ba za su mutu da yunwa ba. Ba su mutu ba. Kifi mai lafiya yakan yi mako bai ci ba. Anubiyas kuma, da ya ke ɗan inuwa ne mai ajiyar abinci a gindinsa, duhun kwana uku bai dame shi ba. Gansakukar da ke yawo a ruwa ba ta da irin wannan ajiya. Da muka yaye bargon ruwan ya washe, ana hango bangon baya.

Maganar abinci ita ce ta kawo rigima. Muka sa doka: yaro ɗaya ke ba da abinci kowace rana, bi da bi bisa ga rajista, sau ɗaya, abin da ya ɗauka tsakanin yatsu biyu, wanda kifin za su cinye cikin minti biyu. Asabar da Lahadi babu. A lokacin sanyi a rage ma, gama kifi jikinsa na bin sanyin ruwa, in ruwa ya yi sanyi ba ya cin kirki, abin da aka zuba sai ya ruɓe. Mun kama masu fasa ƙwaurin ƙosai sau biyu kafin dokar ta zauna. A ganinmu wannan doka ita ce rabin maganin, kuma ita ce iyaye za su fi shan wahalar tsarewa a gida, domin yaro yana auna ƙauna da yawan abin da ya bayar. Manya ma haka.

Kowace Juma'a kafin a tashi mukan zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ɗan siririn tiyo, muna bin ƙasa inda datti ke taruwa, mu mayar da sabo. Kashi ɗaya cikin huɗu, ba duka ba. Sabon ruwan mukan ɗebo shi tun ran Alhamis ya kwana a bokiti cikin ajin, don sanyinsa ya zo daidai da na akwatin. Wanda ke amfani da ruwan famfo lalle ya bar shi ya kwana a buɗe, saboda maganin da a ke sa masa yana kashe kifi. Ruwan sama yana da kyau, amma ban da na farkon damina, ban da wanda ya bi ta sabon kwano. Tsohon ruwan da muka zuƙe kuwa ba mu zubarwa, gindin zogalen makaranta mu ke kai shi, kuma zogalen bai yi ƙorafi ba.

Ganyen da kansa, da yatsa mu ke murza shi a hankali lokacin sauya ruwa. Yana da kauri, yana jurewa. Wanda baƙin gashin ya cinye sarai muka yanke shi daga tushe da reza. Zuciya ba ta so, gama kowane ganye aikin wata guda ne, amma ganyen da ya kai haka ba ya komawa, sai dai ya zama rumbun iri. Tsiro ɗaya ya rage da ganye huɗu kacal. Akwai masu tsoma irin wannan ganye cikin ruwan bilic da aka surka sosai na ɗan lokaci. Mu ba mu yi ba, kuma ba mu ba iyali mai yara shawarar yi ba. In an yi kuskure kaɗan kifi ne za su biya, in kuwa taga da abinci suna nan yadda su ke, gansakukar za ta dawo.

Wani kuskure da muka yi ba mu sani ba: lokacin wankin nan na Asabar mun kwance tsiro ɗaya daga dutsensa mun binne gindinsa cikin tsakuwa, yadda a ke dasa kowane abu. Anubiyas yana da gindi mai kwanciya kamar citta, daga nan ganye da saiwa ke fita. In aka binne wannan gindi sai ya ruɓe. Dattijon ya tono shi, ya yanke wurin da ya fara laushi, ya sāke ɗaure shi a kan dutse. Da ƙyar ya sha.

Na ƙarshe ita ce kainuwa. Kainuwa dashen Allah, in ji masu iya magana, kuma a nan ta yi mana aiki biyu. Tana yi wa Anubiyas inuwa irin ta kurminsu, kuma da ya ke ita mai saurin girma ce, saiwarta na shanye takin da gansakuka za ta ci. Watau mun kawo mai babban ciki ya yi gasa da mai babban ciki. Amma ita ma ba a sakar mata. Duk Juma'a mukan kwashe ta mu bar abin da bai wuce rabin fuskar ruwa ba, don iska ta sami hanyar shiga. Duk kainuwar da aka kwashe aka yar, taki ne aka fitar daga akwatin.

Kada a kawo katantanwa

Iyaye, ko kun manta da duk abin da ke sama, ku riƙe wannan.

Cikin hira dattijon ya ambata cewa a waɗansu ƙasashe a kan sa katantanwa a akwati ta riƙa lashe gansakuka. Yara uku suka ji. Ran Lahadi bayan sujada suka tafi wani tsohon kududdufi, irin waɗanda haƙar kuza ta bari a ƙasarmu, suka shiga har ƙugu, suka tsinto ƙananan katantanwa cike da gwangwanin madara. Allah ya sa wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta zo kawo ɗanta ran Litinin, ta ga gwangwanin a kan tebur kafin a juye shi. Abin da ta faɗa mana ba mu so mu maimaita a nan, amma mun cancanta.

Ƙananan katantanwan ruwa, waɗanda ba su fi ƙwayar wake ba, su ne gidan tsutsar tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sa'an nan 'ya'yan su fito cikin ruwa su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba, taɓawa ta isa. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya fara ganin tsutsar a birnin Alƙahira a 1851, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da ciwon ya fi yawa a duniya. Da mun juye gwangwanin nan, da mun kawo kududdufin cikin aji, inda yara ke tsoma hannu kowace Juma'a.

'Yar'uwar nan ta roƙe mu mu tambayi yaran a keɓe, ɗaya ɗaya, ko akwai mai ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Waɗanda suka amsa sun fi yadda muka zata, kuma ba ukun nan ba ne, tsofaffin masu wanka a rafi ne. Wani ya ce ya fi shekara yana gani, wansa ya ce masa alamar zama namiji ce. Ba alamar komai ba ce sai ciwo. In an bar shi yana shanye jinin yaro, ya hana shi girma da fahimtar karatu, daga baya ya taɓa mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa, sai dai sun fi ɓoyewa. Maganinsa ƙwaya ce mai suna firazikwantel, a kan ba da ita bisa ga nauyi ko tsawon yaro, bayan ya ci abinci. Muka sanar da iyayensu, aka kai su asibiti. In ba wani abin da akwatin nan ya yi mana sai wannan, ya biya kuɗinsa.

Saboda haka kainuwar ma ba yara suka ɗebo ba. Babba ne ya janyo ta da sanda daga bakin ruwa, aka zuba ta a bokiti dabam da ruwan rijiya har mako biyu, ana sauya ruwan, ana duba saiwarta da ƙarƙashin ganyenta ana tsince duk katantanwar da aka gani, kafin ta shiga akwati.

Daga akwati zuwa kududdufi

Mun san gidaje kaɗan ne a cikinmu ke da akwatin kifi na gilashi. Amma da yawa yanzu suna kiwon kifi a bayan gida, waɗansu ƙungiyoyin Zumuntar Mata ma da shi su ke tallafa wa aikin ekklesiya, kuma dokar ɗaya ce. A ramin karfasa ana son ɗan kore, gama abinci ne. Dattijon ya koya mana awo: ka tsoma hannu a ruwan, tafin yana dubanka. In ya ɓace maka daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, koren ya yi daidai. In ya ɓace tun ruwa bai yi nisa da wuyan hannu ba, ya yi yawa, a daina zuba kashin kaji, a rage abinci, a ƙara sabon ruwa. Dalili kuwa, gansakuka da rana tana ba da oksijin, amma da dare shaƙarsa ta ke yi kamar kowa. Shi ya sa a ramin da ya yi kore da yawa za ka ga kifi da asuba sun taso sama suna hamma, kuma da asuba su ke mutuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu ko bayan kwana biyu na hadari ba rana. Babbar tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, ta kan jure. Karfasa da ƙananan 'ya'yan kifi ba su da wannan gata.

Akwai kuma iri guda da ya kamata kowane mai dabba ya gane. Yakan kwanta a fuskar ruwa kamar an zubar da fenti kore mai ratsin shuɗi, yana da yauƙi, yana warin ruɓa, iska na tara shi a gefe guda. Wani lokaci yana da dafi. A 2014 mutanen birnin Toledo a Amurka, wajen 400,000, aka hana su shan ruwan famfo kwana uku saboda shi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin irin wannan ne a ruwan da suka sha. In kun ga haka a kududdufi da rani, kada awaki ko shanu su sha, kada yara su shiga. Tafasa ruwan ba ya kashe dafin.

Mu mutanen Doguwa muna zaune ne a saman ruwa. Abin da ya gangara daga gonakinmu yana bin rafuka ya shiga kogin Kano, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a madatsar Tiga wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga can ya tafi gonakin Kadawa da famfunan birni. Takin da aka watsa a saman ƙasa ana gab da ruwa mai ƙarfi, manomi ya yi asararsa, gansakukar wani wuri ta ci riba. Tona ɗan rami a gindin masara a rufe takin, da barin ciyawa a bakin rafi maimakon nome ta har cikin ruwa, da daina wanke buhunan taki a rafi, duk ba su cin ko kwabo.

Akwatinmu yanzu wata goma ke nan a jikin bango. Gansakuka ba ta ƙare ba, akwai 'yan ɗigo a gilashin baya, mun bar su, kifin na tsattsaga. Kifi ukun da suka tsira suna nan, mun ƙara huɗu. Yarinyar nan da ta yi kuka ita ke riƙe da littafin ƙirgar ganye, duk farkon wata ta kan rubuta. Tsiron da ya rage da ganye huɗu yanzu yana da goma sha biyu, gindinsa ya yi tsawon yatsa ya rabu biyu. Makon jiya muka yanke reshe guda mai ganye huɗu, muka ɗaure shi a kan wani ɗan dutse da aka tsinto daga Riruwai. Mai kyautar ya aiko cewa yana zuwa Kirsimati, shi za mu ba ya koma da shi Kaduna, gama mun ji nasa na gida gansakuka ta cinye shi.